Shin Da Gaske Ne Ana Biyan Marasa Aiki Suna Zaune A Turai? Fashin Baƙi Kan Sharaɗin Neman Aiki

Da wuya hira ta biyo ta kan rashin aikin yi, a majalisar matasa ko a shafukan sada zumunta, ba a sami wanda zai ce ai a Turai da Amurka gwamnati ce ke biyan mutum albashi yana kwance a ɗaki, don kawai ba shi da abin yi. Maganar tana da tushe, domin kuɗin akwai su, kuma ana biya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sharaɗin da ke manne da su: mai karɓa sai ya riƙa kawo hujja, mako bayan mako, cewa yana neman aiki haiƙan, kuma ranar da hujjar ta kasa gamsar da hukuma, kuɗin na iya tsayawa. A Birtaniya ana sa ran mai ƙoshin lafiya da ba ya renon ƙaramin yaro ya shafe har awa 35 a mako yana neman aiki, wato kusan daidai da lokacin da ma'aikacin ofis yake yi a bakin aikinsa.

To me doka take nufi da "neman aiki"? Daga ina sharaɗin ya samo asali? Kuma yana kai mutane ga aiki ne, ko kuwa raba su da tallafi kawai yake yi?

Kuɗin iri biyu ne

Rashin fahimtar ya faro ne daga haɗa abubuwa biyu da suka bambanta. Na farko inshora ce. Ma'aikaci ko kamfaninsa, ko su biyun, suna zuba wani kaso na albashi a asusu tun yana bakin aiki, idan aikin ya ƙare ba da laifinsa ba sai a riƙa biyan shi na ɗan lokaci. Wanda bai taɓa zubawa ba, ba shi da rabo a ciki, kamar dai adashi. A Jamus wannan inshorar tana biyan kashi 60 cikin ɗari na albashin da mutum ke karɓa a hannu, ko kashi 67 idan yana da ɗa, kuma ga wanda bai kai shekara 50 ba ba ta wuce wata 12. A Amurka yawancin jihohi suna biya har mako 26. A Birtaniya ana kiran ta New Style Jobseeker's Allowance, ba ta wuce kwana 182, kuma a 2025 kusan fam 92 ce a mako ga wanda ya kai shekara 25.

Na biyu tallafi ne daga harajin jama'a, wanda ake bai wa mai ƙaramin ƙarfi ko da bai taɓa zuba komai ba, bayan an binciki abin da ya mallaka. A Birtaniya shi ne Universal Credit, wanda a 2025 yake bai wa gwauro mai shekara 25 zuwa sama kusan fam 400 a wata, ban da taimakon kuɗin haya da na yara. Wanda ya tara ajiyar da ta haura fam 16,000 ba ya samu. Idan aka canja fam 400 zuwa naira adadin zai cika ido, amma a ƙasar da wuta da gas da abinci da kuɗin mota ke lashe wannan kuɗi kafin wata ya ƙare, abin bai wuce na riƙe rai ba.

Iri biyun sun haɗu a wuri guda: kowanne yana buƙatar mai karɓa ya kasance yana iya aiki, yana shirye ya fara, kuma yana nema.

Asalin zargin cima-zaune

Sharaɗin ya girmi duk wanda ke muhawara a kansa yau. Birtaniya ta buɗe ofisoshin haɗa ma'aikata da masu ɗaukar aiki a 1910, sannan dokar inshorar ƙasa ta 1911 ta kawo inshorar rashin aiki ga wasu sana'o'i kamar gini da ƙera jiragen ruwa, inda ake biyan sule bakwai a mako har tsawon mako 15. A wancan tsari, ofishin ne ke gwada gaskiyar mutum: idan akwai aiki za a miƙa masa, idan ya ƙi sai a san ba aikin yake so ba. Nauyin nemo aikin yana wuyan hukuma.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka faɗaɗa inshorar ta rufe yawancin ma'aikata, sai ga tattalin arziki ya karye a 1921, asusun ya fara zubewa. Nan ne aka shigo da ƙa'idar cewa sai mutum ya tabbatar yana neman aiki tsakani da Allah, nauyin hujja ya tashi daga kan ofis ya koma kan mai nema. Magidanta a garuruwan haƙar gawayi da na ƙera jirage suka riƙa takawa daga wannan masana'anta zuwa waccan, alhali kowa ya san babu gurbi, don kawai su sami abin faɗa idan an tambaye su inda suka je. Kafin a soke ƙa'idar a 1930, an ƙi biyan buƙatu kusan miliyan uku a ƙarƙashinta. William Beveridge, wanda rahotonsa na 1942 ya zama harsashin tsarin walwalar Birtaniya, yana cikin waɗanda suka yi tir da ita.

Sai dai ta dawo. Gwamnatin Margaret Thatcher ta maido da ita a dokar 1989, sannan a watan Oktoba na 1996, zamanin John Major, aka canja wa kuɗin suna daga "kuɗin rashin aiki" zuwa "alawus ɗin mai neman aiki". Canjin sunan kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa. Dokar gyaran walwala ta 2012, wadda ministan ayyuka da fansho na lokacin, Iain Duncan Smith, ya jagoranta, ita ce ta haifi Universal Credit da aka fara aiwatarwa a 2013, ta haɗe tallafi iri shida wuri guda, ta kuma tsaurara horon da ake yi wa wanda ya saɓa.

Makon mai neman aiki a Birtaniya

Wanda ya nemi Universal Credit, bayan ya cike takardu ta intanet, za a kira shi ofishin Jobcentre Plus a haɗa shi da jami'in da zai riƙa bibiyar lamarinsa. A zaman farko ake rubuta takardar alkawari, wadda ta ƙunshi irin aikin da zai nema, da yawan awannin da zai ba neman, da matakan da zai ɗauka. Idan bai amince da takardar ba, babu biya. Ko ya amince ma, kuɗin farko ba ya zuwa sai bayan kusan mako biyar, kuma wanda ba zai iya jira ba sai dai ya karɓi rance da za a riƙa cirewa daga abin da zai samu a gaba.

Abubuwan da ake ƙirgawa a matsayin nema suna da yawa: duba guraben aiki a intanet, gyara takardar tarihin karatu da aiki, aika takardun neman aiki, rajista da kamfanonin da ke samar wa masana'antu ma'aikata, kiran waya, zuwa intabiyu, halartar kwas idan jami'i ya tura. Kowanne sai an rubuta shi a wani kundi na intanet da jami'in ke iya gani, da rana da sunan kamfani da amsar da aka samu. A watannin farko ana yawan kiran mutum ofis duk mako ko duk mako biyu ya yi bayanin abin da ya yi.

Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san cewa cike awa 35 da nema na gaskiya abu ne mai wuya, musamman a ƙaramin gari da guraben da ke fitowa a mako ba su taka kara sun karya ba. Mutum zai iya aika takarda ga duk gurbin da ya dace da shi cikin kwana biyu. Sauran kwanakin sai ya koma aika wa wuraren da ya san ba za su ɗauke shi ba, domin kundin kada ya zama fanko. Masu kamfanoni da kansu sun sha kokawa cewa takardun da ba su da alaƙa da aikin da suka tallata suna yi musu yawa.

Akwai kuma batun irin aikin da mutum zai iya ƙi. A da, wanda ke da sana'a ko ƙwarewa yana da wata uku yana neman aiki a fanninsa kaɗai. A watan Fabrairu na 2022 aka rage wannan wa'adi zuwa mako huɗu. Daga nan akanta ne ko injiniya, ana sa ran ya nemi duk aikin da zai iya, ko da na sito ne ko na shara, matuƙar ana biyan mafi ƙarancin albashi, kuma tafiyar ba ta wuce minti 90 zuwa, minti 90 dawowa ba.

Dokar ba ta yi wa kowa kuɗin goro ba, wannan gaskiya ne. Mai renon jaririn da bai kai shekara ɗaya ba babu abin da ake nema daga gare shi. Idan yaron yana shekara ɗaya ko biyu, ganawa da jami'i da shirye-shiryen komawa aiki kawai ake buƙata. Daga shekara uku zuwa 12 ana iya neman har awa 30 a mako, adadin da aka ɗaga a 2023. Marar lafiyar da aka tantance, da mai jinyar naƙasasshe, ana sassauta musu ko a ɗauke musu gaba ɗaya. Matsalar ita ce yawancin sassaucin yana hannun jami'i, kuma sai mutum ya buɗe baki ya faɗi halin da yake ciki kafin a rubuta. Mai kunya, da wanda Turancinsa bai nuna ba, da wanda ke fama da ciwon damuwa amma bai san sunansa ba, sukan sa hannu a kan alkawarin da ba za su iya cikawa ba.

Idan aka saɓa

Horon shi ne yanke kuɗi, kuma hawa-hawa ne. Ƙaramin laifi, kamar rashin zuwa ganawa da jami'i, yana jawo tsayar da kuɗin har sai mutum ya je, sannan a ƙara masa kwana bakwai, ko 14, ko 28 idan ya maimaita. Rashin ɗaukar matakan da suka kamata wajen nema yana jawo kwana 28 a karon farko, kwana 91 a na biyu. Babban laifi, wato ƙin karɓar aikin da aka ba mutum, ko barin aiki da gangan ba da dalili ba, ko kora saboda rashin ɗa'a, kwana 91 ne, kuma yana kaiwa 182. Har zuwa 2019 ana iya yanke wa mutum na shekara uku cur, kafin ministar lokacin, Amber Rudd, ta soke wannan.

Abin da ake yankewa shi ne kason ci da sha na mutum, galibi dukkansa. Kuɗin haya da na yara suna ci gaba, amma a aikace da su ake toshe ɓarakar, sai bashin haya ya taru. Akwai kuɗin rage raɗaɗi da ake iya nema, kimanin kashi 60 na abin da aka yanke, sai dai shi ma rance ne.

Jami'in da ke bibiyar mutum ba shi ke yanke hukunci ba. Yana tura batun ne ga wani jami'i daban, wanda zai duba ko akwai uzuri karɓaɓɓe, kamar rashin lafiya, ko rasuwa, ko intabiyu da ta faɗo a lokacin ganawar. Wanda bai gamsu ba yana da wata guda ya nemi a sake dubawa, daga nan kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu mai zaman kanta. Hanyar tana nan, amma kafin a kai ƙarshenta sau da yawa kwanakin horon sun riga sun wuce, yunwar ma an riga an sha ta.

Wani abu da alƙaluman ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya suke nunawa shekara da shekaru ya cancanci a tsaya a kansa: mafi yawan yanke kuɗin da ake yi a ƙarƙashin Universal Credit, da tazara mai nisa, na rashin halartar ganawa ne. Waɗanda aka kama sun ƙi aikin da aka ba su kaɗan ne ƙwarai. Ke nan wanda tarkon ya fi kamawa shi ne mutumin da rayuwarsa ta rikice, wanda wayarsa ta ƙare da kuɗi bai ga saƙo ba, ko motar haya ta makara, ko ya rasa mai riƙe masa yaro. Gogaggen malalaci da ya san kan tsarin yana iya cike kundinsa tsaf ya isa ofis da wuri, ba abin da zai same shi. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya gano a 2016 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu karɓar alawus ɗin neman aiki tsakanin 2010 da 2015 an taɓa yanke musu, kuma yawan yankewar ya bambanta sosai daga wannan ofis zuwa wancan, abin da ke nuna sa'ar jami'in da mutum ya faɗa hannunsa tana da tasiri.

Amurka da Jamus da Faransa

A Amurka dokar 1935 ta zamanin Franklin Roosevelt ce ta kafa inshorar, amma kowace jiha ke tsara tata, kuma kamfanoni ne ke biyan harajin asusun a kusan duk jihohin. Can ba awanni ake ƙirgawa ba, yawan wuraren da aka tuntuɓa ake ƙirgawa. Jihar Florida, alal misali, tana neman mutum ya tuntuɓi masu ɗaukar aiki biyar a kowane mako, alhali abin da take biya bai wuce dala 275 a mako ba, kuma idan rashin aiki bai yi yawa a jihar ba mako 12 kawai ake biya. Mai karɓa yana rantsuwa a kai a kai cewa ya yi neman, ana kuma zaɓar wasu a bincika. Wanda aka kama ya ƙirƙiri sunan kamfani zai mayar da kuɗin da tara, har ma ana iya gurfanar da shi. Lokacin annobar korona a 2020 jihohi suka jingine sharaɗin, kamar yadda Birtaniya ta jingine nata na wata uku, sannan a 2021 suka dawo da shi ɗaya bayan ɗaya.

Jamus ta tsaurara nata a 2005 da gyaran da aka fi sani da Hartz IV, zamanin Gerhard Schröder, bisa taken a taimaka wa mutum a kuma nemi ya motsa. Har ta kai ana iya yanke tallafin baki ɗaya. A ranar 5 ga Nuwamba 2019 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta ce gwamnati na da ikon gindaya sharaɗi, amma yanke fiye da kashi 30 cikin ɗari a yadda ake yin sa ya ci karo da mutuncin ɗan Adam da tsarin mulki ya kare. A 2023 aka sauya tsarin da wani tallafi mai sassauci da aka kira Bürgergeld, wanda a 2024 da 2025 yake bai wa gwauro yuro 563 a wata, sai kuma gwamnatin Friedrich Merz da ta hau a 2025 ta zo da ƙudurin sake tsaurarawa. Faransa ma ta bi sahu: a farkon 2024 hukumar samar wa mutane aiki ta Pôle emploi ta koma France Travail, kuma daga 2025 ana neman masu karɓar RSA, wato tallafin masu ƙaramin ƙarfi, su yi awa 15 a mako na wani abin da zai kusantar da su ga aiki.

Me kowane ɓangare ke cewa, kuma me aka gani a ƙasa?

Masu goyon bayan sharaɗin suna da hujjoji masu nauyi. Kuɗin daga gumin wasu yake fitowa, kuma direban bas da ke tashi da asuba ba zai daɗe yana yarda a cire masa haraji ba idan yana ganin maƙwabcinsa na zaman kashe wando da kuɗin. Idan jama'a suka daina yarda da tsarin, 'yan siyasa za su rushe shi, talakan da ake son karewa shi ne zai fi shan wuya. Hujja ta biyu ta shafi mai neman aikin kansa. Sananne ne cewa gwargwadon daɗewar mutum ba ya aiki, gwargwadon yadda kamfanoni ke gudunsa, ƙwarewarsa ta dushe, zuciyarsa ta mutu. Jami'in da ke jiran sa ranar Talata yana iya zama abin da zai fitar da shi daga ɗaki.

Bincike ya ba su gaskiya zuwa wani mataki. A ƙasashe da dama an ga cewa sa ido da barazanar yanke kuɗi suna rage tsawon lokacin da mutane ke yi suna karɓa. Wani nazari a jihar Kentucky ta Amurka ya nuna cewa mutane da yawa sun koma aiki da zarar sun sami wasiƙar gayyata zuwa shirin dole, tun kafin shirin ya fara, wato tsoron ya fi shirin tasiri. A jihar Nevada kuma, inda aka haɗa binciken cancanta da taimako na gaske wajen nemo aiki a zama ɗaya, an ga mutane sun koma aiki da wuri kuma abin da suke samu ya ƙaru.

Amma fita daga rajistar masu karɓa daban, samun aiki daban. Masana tattalin arziki da suka bibiyi sauyin 1996 a Birtaniya sun ga cewa mutane da yawa sun bar rajistar, sai dai ba a ga ƙarin shiga aiki daidai da haka ba, wasu ma tallafin marasa lafiya suka koma. A Switzerland an ga waɗanda aka yanke wa kuɗi sun fi saurin karɓar aiki, amma aikin ƙaramin albashi ne kuma ba ya ɗorewa. Ita kanta ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya ta yi nata binciken, ta ɓoye shi shekaru, sai a 2023 ta sake shi bayan an tilasta mata ta dokar 'yancin samun bayanai. Abin da ya nuna shi ne waɗanda aka yanke wa Universal Credit sun fi jinkirin shiga aikin albashi, kuma idan sun shiga abin da suke samu ya yi ƙasa da na waɗanda ba a yanke wa ba. Dalilin ba boyayye ba ne: wanda ba shi da kuɗin mota, ba shi da kati a waya, cikinsa kuma babu komai, da me zai je intabiyu?

A ganina, idan aka haɗa waɗannan sakamako wuri guda, sun nuna cewa sharaɗin yana amfani ne a inda akwai guraben aiki kuma jami'in yana da lokacin taimakawa. Inda babu guraben, ko inda jami'i ɗaya ke riƙe da mutane fiye da ƙima yana ba kowa minti goma, abin da ake aunawa ya koma iya rubutu da iya kiyaye lokaci, kamar dai yadda ya kasance a 1921.

Namu da ke can

Ga 'yan Najeriya da Nijar da Gana da suka tafi Birtaniya a 'yan shekarun nan, akwai wani shinge tun kafin a zo maganar neman aiki. Yawancin bizar aiki da ta karatu da ta iyali suna ɗauke da sharaɗin cewa mai ita ba shi da damar taɓa kuɗin jama'a, kuma Universal Credit yana cikin abin da aka hana. Wanda ya karɓa bisa kuskure yana iya jefa takardun zamansa cikin haɗari. Dubban da suka shiga ta bizar kula da tsofaffi da marasa lafiya, idan kamfanin da ya ɗauki nauyinsu ya sallame su ko aka ƙwace masa lasisi, abin da aka saba ba su shi ne kwana 60 su sami wani kamfanin ko su bar ƙasar. Mai neman mafaka kuwa galibi ba a ba shi izinin aiki ma, abin da ake ba shi bai kai fam 50 a mako ba.

Inshorar da ake samu ta hanyar zubi ba ta cikin kuɗin jama'a da aka hana, don haka wanda ya yi aiki ya biya kuɗin inshorar ƙasa a shekaru biyun harajin da ake dubawa yana iya cancanta. Wanda ya sami izinin zama na dindindin, ko aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira, shi kuma ƙofar tallafin a buɗe take gare shi, tare da duk sharuɗɗanta.

Abubuwa biyu sun fi shafar mutanenmu a nan. Na ɗaya tafiya gida. Mai karɓar Universal Credit yana iya barin ƙasar har wata guda ba tare da an rufe masa ba, ana kuma iya ƙara wata ɗaya idan rasuwar makusanci ce, amma sai ya sanar tun kafin ya tafi, kuma alkawarin neman aikin bai faɗi ba don ya hau jirgi. Wanda ya tafi biki ko Umara ya yi shiru, ganawa ta wuce shi, zai dawo ya tarar da hukunci. Na biyu addini. Ƙin wani aiki saboda aƙidar da mutum ya riƙe da gaske, kamar aikin sayar da giya, yana cikin uzurin da ake dubawa, amma ya fi kyau a faɗe shi a zaman farko a rubuta shi a takardar alkawari, maimakon a tayar da shi bayan an riga an ƙi aikin.

Idan aka kawo shi Najeriya fa?

Najeriya ba ta da inshorar rashin aiki. Abin da ya fi kusa da ita shi ne tanadin dokar fansho ta 2014, wadda ta ba ma'aikacin da bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na ajiyar fanshonsa idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Wannan kuɗinsa ne na tsufa yake ci tun yanzu. Shirin N-Power da aka fara a 2016, wanda ya riƙa biyan naira 30,000 a wata, aikin wucin gadi ne aka riƙa biyan ladansa. A nahiyar, Afirka ta Kudu tana cikin ƙasashen da ke da tsari mai kama da na Turai, inda ma'aikaci ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsa, kamfani ma ya zuba kashi ɗaya, mai karɓa kuma sai ya yi rajista a matsayin mai neman aiki.

Duk lokacin da wani ɗan majalisa ya kawo shawarar a riƙa biyan matasa marasa aiki alawus, tambayar da ke biyo baya ita ce ta kuɗi. Ta biyun, wadda ba a cika yi ba, ita ce yadda za a gane wanda ba shi da aikin. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan bayan ta sauya ma'auni a 2023, ta fara ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Hukumar ta kuma ce fiye da kashi 90 na masu aiki a ƙasar suna ɓangaren da ba shi da rajista ne, babu takardar ɗauka, babu ta sallama.

Tsarin Birtaniya yana tafiya ne saboda hukumar haraji tana ganin albashin kusan kowane ma'aikaci a ranar da aka biya shi, guraben aiki kuma ana tallata su a rubuce, neman ma yana barin sawu. A Kano ko Sakkwato, matashi yana samun aiki ne ta bakin kawunsa, ko ta tsayuwa a bakin titi da shebur da sassafe yana jiran motar masu gini, ko ta zama a shagon maigida a Kantin Kwari har ranar da za a ce ya fara ɗauko kaya. Wannan nema ne na gaske, wani lokaci ma ya fi awa 35 a mako, amma babu kundin da zai shiga, kuma babu jami'in da zai iya tabbatar da shi daga kan teburinsa.